Turu da Takardar Likita

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kam ban ɗaga kai na dubi rufin namu ɗakin ba sai ranar da ruwan ya zubo a kaina.

An haife ni a Kelle, a gindin duwatsun Kutus, arewa da Gure. Gida ɗaya muka tashi da taubashina, ɗan goggona, wanda ya girme ni da shekara biyu. Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, aka rubuta sunana, shi kuwa aka bar shi da awaki. Ban fi shi ƙwaƙwalwa ba. Ni dai ina da uba a raye, shi maraya ne, kuma dole wani ya yi kiwo.

A 1998, ina lise a Damagaram, na zo hutu na tarar da shi ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiransa daga kan dutse. An yi rubutu ya sha, an yi turare, an yanka baƙin bunsuru. Ranar da aka tsinto shi a bakin rijiya bayan kwana uku ana nema, aka zura ƙafarsa a turu a bayan rumbu. Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne na yi dariya. Wasan taubasai ya ba ni dama, na riƙa kiransa sarkin aljannu, mutane na taya ni. Da na zama malami ma, in ɗalibi ya yi shirme sai in ce za a kai shi "Pavillon E", wato sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, aji ya fashe da dariya.

A 2016 layi ya zo kaina. Bayan rasuwar ƴata ta fari, na yi watanni ba barci, ba cin kirki. Nakan tsaya gaban allo da alli a hannu in manta abin da zan rubuta. Ban faɗa wa kowa ba, domin an rene mu a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma ina tsoron a ce ba ni da tawakkali. Wani abokina majo ne ya ja ni zuwa wurin likita. Muka yi magana da Faransanci, ya kira ciwon da sunansa, "dépression", ya rubuta mini magani da takardar hutu, albashina bai tsaya ba. A gida aka ce malam ya gaji, aiki ya yi masa yawa. Ko mutum ɗaya bai kira ni mahaukaci ba.

A wannan hutu ne na koma Kelle, na zauna kusa da taubashina, na ga yadda turu ya cinye masa ƙauri. Nan na gane ma'anar gata. Albashi, harshen likita a bakina, aboki mai aikin asibiti, zama a birni: ba ɗaya daga cikinsu da na samu don na fi shi imani ko ƙarfin zuciya. Duka sun samo asali ne daga ranar nan da aka rubuta sunana aka bar nasa.

A 2017 na kai shi Damagaram. Likita ya ce ciwonsa dabam ne da nawa, mai daɗewa ne, amma yana da magani. Yau allura ake yi masa sau ɗaya a wata. Yana noman hatsi, yana zuwa masallaci, wani lokaci jikin yakan motsa. Jama'a na cewa mahaukaci ba ya warkewa, sai dai rangwame. To, mai hawan jini da mai ciwon suga ma rangwamen suke samu, amma ba mu taɓa ɗaure su ba. Rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, na 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wani nau'in ciwon hankali. Ke nan duk zauren da ake taruwa cin tuwo, da wuya a rasa nasa.

Da farko na ga laifin goggo, na kuma ga laifin malaman tsibbu. Wannan ma girman kan ɗan boko ne da ya zama dole in sauke. Goggo ta ɗaure ɗanta ne don tsoron rijiya, alhali ba ta da kuɗin mota balle na magani. Tun 1954 likita Thomas Adeoye Lambo, a Aro kusa da Abeokuta, ya riƙa saukar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Haka Henri Collomb ya yi a asibitin Fann na Dakar. Addu'a da allura ba kishiyoyi ba ne. Malamin da ke yi wa taubashina rubutu shi ke tuna mana ranar allura.

Ƴan'uwana malamai, tun shekarun 2000 muke ganin ƴanmata na faɗuwa suna ihu a azuzuwanmu, abin da ake kira "génie tchatcheur". Mukan sallami ɗalibai, a yi ruƙiyya, a koma darasi. Mu nawa ne muka zauna daga baya muka tambayi yarinyar ko an sa mata ranar auren da ba ta so, ko da yunwa ta zo, ko tsoron jarrabawa ke cinta? Tun da aka mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, nauyin kalmomi ya ƙaru a kanmu. Muna da ciwon damuwa, muna da taɓin hankali, muna da farfaɗiya, kowane da halinsa, amma "hauka" ta haɗiye su duka. Ƙungiyoyin al'adu kuma su dubi mahaukacin wasan kwaikwayonmu, mai tsumma da gwangwani, wanda ake fito da shi don dariya kawai. Ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar hankali ta duniya, ta isa a ba shi baki ya faɗi nasa labarin.

Bara na roƙi goggo ta bar ni in faskara turun nan a hura wuta da shi. Ta ƙi. Ta ce: "Ɗan nan, albashinka ne ya kwance shi. Ranar da albashin ya tsaya fa?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Turun na nan jingine a bayan rumbu.