Kada Ka Zama Gugan da Ya Hana Ruwa

'Ya'yana masu sana'ar rubuta manhaja, ku ba ni aron hankalinku. Na shiga wannan aiki tun ana ajiye bayanai a faifan fulofi, kuma abin da ya fi ba ni kunya a duk shekarun nan ba kuskuren lissafi ba ne, rowar ilimi ce.

A wani kamfani da na yi wa aiki, ni kaɗai na san cikin manhajar biyan albashi. Duk ƙarshen wata sai in ja ƙofa, in yi 'yan danne-dannena, albashi ya fita, a yi ta sa mini albarka. Wani yaro da ke ƙarƙashina ya sha tambayata yadda ake yi, ni kuwa sai in ce masa, "Bari ka ƙara girma tukuna." A zuciyata ina ganin sirrin nan shi ne ke riƙe mini kujera.

Ana nan sai taifot ta kwantar da ni a asibiti, wata kuma ya zo ƙarshe. Yaron ya kunna manhaja, ta cire wa kowa haraji sau biyu, aka dakatar da biya. Fiye da mako guda masinjoji da direbobi suna zarya ofishin akanta. Ban manta ranar da ya zo ya tsaya a gefen gadona ba, ana ƙara mini ruwa, yana riƙe da littafi da biro, ya ce, "Yallaɓai, don Allah ina na kuskure?" Amsar ba ta wuce layi biyu ba: akwai wani ɗan fayil da ake canza wa kwanan wata da hannu kafin a kunna. Layi biyun da na ƙi rubutawa su suka hana magidanta cefane. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana, kuma ni ne gugan.

Ashe tun kafin wannan wani ya riga ya samo maganin irin ciwona. A ranar 25 ga Maris 1995, Ward Cunningham, wani marubucin manhaja a Fotland ta jihar Oregon a Amurka, ya buɗe wani dandali mai suna WikiWikiWeb. Sunan ya samo shi ne daga wata motar jigilar fasinja a filin jirgin saman Honolulu, domin a harshen mutanen Hawai kalmar wiki na nufin sauri. Manufarsa ita ce masu sana'a su tara dabarun tsara manhaja da suka gwada suka ga sun yi aiki. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne ya bar ƙofa a buɗe: duk wanda ya karanta shafi yana iya gyara shi nan take. A can wani marubucin manhaja, Kent Beck, da ire-irensa suka yi ta tafka muhawara kan salon aikin da ake kira Extreme Programming. Wikipedia da kowa ya sani yau sai a 2001 ta zo, kuma a kan wannan tubalin aka gina ta.

Mu da muka yi karatun zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ɗauki tsohon littafin fiƙihu na malaminka ka duba gefen shafi: wani ya warware kalma da ajami, wani ya zo bayan shekaru ya ƙara bayani da tawada daban. Wiki irin wannan hashiya ce, sai dai duk ɗaliban suna rubutu a kwafi ɗaya.

To ga abin da nake so ku riƙe. Ka rubuta tun ciwon yana ɗanye. Ranar da ka kwana biyu kana kokawa da wata matsala har Allah ya buɗa maka, kada ka tashi daga kujera sai ka sa ta a wikin ƙungiyarku: ga saƙon kuskuren da kwamfuta ta nuna, harafi da harafi, ga abin da na gwada bai yi ba, ga wanda ya yi. Bayan mako guda kai kanka ba za ka tuna rabinsa ba. Kuma ka faɗi dalili. Manhaja tana nuna abin da aka yi, amma ba ta faɗin me ya sa aka bi ta nan aka ƙi can. Wanda zai gaje ka, dalilin yake nema.

Kada ku ce ai an yi bayani a zauren WhatsApp. Can kasuwa ce, amsa mai daraja kan nutse tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan biki. Idan ƙaninka ya yi maka tambaya, rubuta amsar a shafi ka tura masa adireshin, gobe wani ya samu ba sai ya tashe ka daga barci ba.

Sannan ka cire girman kai. Shafin da ka rubuta ba gonar gado ba ce. In yaron da ya zo jiya ya gyara maka kuskure, ka gode masa, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wiki tana adana tarihin kowane canji, in an ɓata ana iya mayarwa.

Amma gona sai da noma. Shafin da ya tsufa ba a sabunta ba ya fi rashin shafi haɗari, don yana kai mutum rami cikin natsuwa. Ku riƙa sa kwanan wata da sigar manhajar da bayanin ya shafa, ku ware rana ku yi gayya ku cire ciyawa. Shi kansa dandalin Cunningham, da masu ɓarna suka addabe shi, rufe ƙofar gyara aka yi, ya zama sai dai a karanta.

Kada kuma ku ɗauka manhaja tana mutuwa da wuri. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar masu sanin COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959, saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar nauyi. Abin da ka rubuta yau yana iya wuce ka da shekara arba'in, wanda zai riƙe shi wataƙila ba a haife shi ba.

Malamai sun karantar da mu cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutum ya kwanta dama. Yaron nan da ya tsaya a gefen gadona shi ya buɗe mana shafin farko bayan na warke, kuma kujerata ba ta motsa ba don na koya masa. Kai ma akwai layi biyun da ke cikin kanka kai kaɗai. Rubuta su yau, tun kana da lafiya.