Rakiyar Murya

Ban taɓa ganin ƙanƙara a shimfiɗe kamar tabarma ba sai da karatu ya kai ni jihar Minesota ta Amurka. A can na tarar da wasan hoki, inda 'yan wasa shida-shida ke sulalawa a kan takalma masu kaifin wuƙa, suna korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanduna, zango uku, kowanne minti 20. Na fara da kallo, na koma sharhi a rediyon ɗalibai. Da na kammala digirina na aikin jarida, wata ƙaramar kwaleji a arewacin jihar ta ɗauke ni mai sharhin wasanninta.

Murnata ba ta daɗe ba. Daga Miniyapolis, inda nake zaune a gidan Kawu, zuwa garin tafiyar awa huɗu ce, ni kuwa ba ni da mota. Ga shi daren Juma'a da na Asabar ake wasan, daga Oktoba har Maris, tsakiyar hunturu. Da na gaya wa Kawu, wanda tasi yake ja, sai ya ce, "In an sauko daga masallaci, ka same ni a mota."

Haka muka riƙa yi. Ina gefe ina haddace sunayen 'yan wasa da lambobinsu, shi yana gyara zaman sitiyari a kan titi mai santsi. In mun isa, ya nemi kujerar can ƙarshe, ya dunƙule cikin bargo, yana kallon wasan da bai san kansa ba. Ana take wasa ƙarfe 7 na dare, daidai da ƙarfe 2 na dare a Kano. A wannan lokacin ƙanwata take tayar da Umma, ta kamo mata tashar ta intanet. Umma ba ta jin Turanci. Ta ce ita dai in muryata ta yi sama, ta san an ci.

Sai a watan Janairu na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Waɗannan darare biyu su ne kasuwar mai tasi, abin da ake biya na kuwa da ƙyar yake ɗaukar kuɗin mai da na makwanci. Kunya ta rufe ni. A hanyar dawowa, dusar ƙanƙara na zuba, na ce, "Kawu, zan ajiye aikin nan. Ina karya maka jari."

Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce, "Yaro, ranar da zan baro gida, uwarka ce ta sayar da awarwaronta ta cika mini kuɗin jirgi. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Kai ma kada ka sake tayar da wannan."

Na yi shiru har muka shiga gari. Ban ajiye aikin ba. Har yau, in fitilar ɗakin sharhi ta kama, kafin in gaishe da masu sauraro, sai na leƙa kujerar can ƙarshe na ga bargon nan, sannan in buɗe baki.