Gizon Da Ba Ya Cin Gonar Kowa

A tatsuniya, Gizo malalaci ne mai ha'inci, wanda ke cin gumin wasu ya bar Ƙoƙi da jin kunya. Gizo-gizon da ke fadamar Bomo, kusa da Samaru, halinsa daban ne. Ba ya ɓarnar ganye ko hatsi. Abincinsa ƙwarin da ke cinye wa manomi amfanin gona.

Mutane kan lissafa shi cikin ƙwari, alhali ɗan'uwan kunama ne da kaska. Ƙafafunsa 8 ne, na fara da ƙuda kuwa 6, kuma ba shi da fiffike. Ba ya tauna abinci. Yakan cije abin da ya kama ya zuba masa dafi, ya kwarara masa ruwan da ke narkar da nama, sannan ya tsotse. A shekarar 2022 yawan nau'o'insa da masana suka raɗa wa suna a duniya ya kai 50,000, kuma kaɗan ne daga ciki ke da dafin da zai cutar da mutum.

Wannan yawan nau'i shi ne ribar gona, domin kowanne da inda yake tsaro. Masaƙi yakan shimfiɗa yanarsa tsakanin karan dawa, ya tare masu tashi da dare. Akwai mafaraucin ƙasa da ba ya saƙa tarko, wanda macensa ke jan jakar ƙwai a bayanta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su. Akwai mai tsalle, mai manyan idanu biyu a gaba, da ke bin ganye da rana. Akwai kuma mai laɓewa cikin fure. Daga ƙasa har kan zangarniya, babu inda aka bari ba mai gadi. Wani kiyasi da masana biyu suka wallafa a 2017 ya nuna cewa gizo-gizon duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara.

Sai dai maganin feshin da mai lambu ke sayowa a kasuwar Sabon Gari bai san abokin gaba ba, bai san mai gadi ba. Yakan kashe su tare, amma ba tare suke dawowa ba: ƙwarin ɓarna kan hayayyafa cikin 'yan makonni, gizo-gizo kuwa sai ya ɗauki watanni. Gonar da aka fesa takan wayi gari da ɓarayi ba mai tsaro, manomi ya sake feshi, kuɗinsa su sake tafiya. Indunisiya ta ɗanɗana haka a gonakin shinkafa, har ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa a 1986.

Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, kuma ilimin da ake bukata a nan ba mai tsada ba ne. Manomi ya duba gonarsa kafin ya ɗauki injin feshi, ya fesa inda ɓarna take kawai, ya bar ciyawa a gefen gona inda mafarautan za su fake. Yanar da raɓa ta kwanta a kanta da safe shaida ce cewa an kwana ana yi masa aiki ba tare da lada ba.