Bayananka sun riga sun fita, to yanzu sai yaya?

Jama'a, akwai maganar da na daɗe ina son mu yi a nan, ganin yadda kullum sai na ci karo da wani yana cigiya: "An kwashe min kuɗi a asusu," ko "Don Allah duk wanda ya ga saƙo daga WhatsApp ɗina kar ya tura komai." Mu kuma sai mu taru a ƙasa muna Allah ya mayar da alheri, wasu har da zargin ma'aikatan banki. Wani lokacin da gaskiyarsu. Amma sau da yawa ɓarawon bai san kowa a bankinka ba, sayen bayananka ya yi.

Akwai wani sashe na intanet da Google ba ya nuna maka, sai da manhaja ta musamman irin su Tor ake shiga. Shi ake kira dak web, ni dai duhun intanet nake ce masa. Ba duk mai shiga ne mugu ba, 'yan jarida ma na amfani da shi don ɓoye sawu. Sai dai a can ne ake kasa bayanan mutane a faifai kamar gyaɗa: suna, lambar waya, imel, kalmar sirri, ranar haihuwa.

Kar wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan masu amfani da Facebook sama da miliyan 530 daga ƙasashe 106 a wani dandalin masu kutse, kyauta ma, kuma kusan miliyan 9 daga ciki na 'yan Najeriya ne. A 2024 kuwa ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan NIN da BVN na 'yan ƙasa a kan naira 100 kacal, har ta ce ta sayi na ministan sadarwa don ta nuna wa duniya. Wannan ko duhun ba a shiga ba, a fili ake cinikin. Idan na minista ya fita, ina ga ni da kai?

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: kalmar sirri ana canzawa, katin ATM ana sakewa, amma BVN da NIN da ranar haihuwa da sunan mahaifiyarka suna nan har ka mutu. Abin da ya fita ya fita, babu wanda zai shiga can ya goge maka. Duk wanda ya ce ka biya shi ya cire sunanka daga duhun intanet, shi ma damfararka zai yi.

Kwanaki aka kira wata gwaggona. Mai kiran ya faɗi cikakken sunanta, da ranar haihuwarta, da bankinta, da Hausarsa garau, har da "Hajiya, ina gajiya." Ya ce za a rufe asusunta in ba ta karanto lambar da aka turo mata ba. Allah ya taimaka jikanta na kusa ya karɓe wayar. Da na je gaishe ta sai take ce min, "To ɗan nan, in ba daga banki yake ba, ya aka yi ya san ranar da aka haife ni?" Ai nan ne gizo ke saƙa. Bayanan da suka saya ba su isa su buɗe asusu ba, aikinsu su sa ka yarda da su. Makullin ƙarshe, wato lambar OTP ko PIN, yana hannunka, kuma banki ba ya taɓa kira ya tambaye shi. Ka kashe wayar kawai, ba rashin kunya ba ne.

Ni abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne layin waya, don shi ne ƙofar komai yanzu. Ka sa wa SIM ɗinka PIN, ta yadda ko an fizge wayar a Keke Napep aka sa layin a wata, ba zai buɗe ba. In ka ga sabis ya ɗauke maka kai kaɗai alhali na kusa da kai na da shi, kar ka tsaya zagin kamfani, wataƙila wani ne ya yi wa layinka welkam bak. Ka garzaya ofishinsu, ka kuma toshe asusunka. Bankuna na da lambar toshe asusu da za ka iya dannawa ko a wayar wani. Ka nemi ta bankinka yau ka rubuta a takarda. Haka tsohon layin da ka yar, in ya daɗe kamfani zai sayar wa wani, alat ɗinka kuma ya riƙa zuwa masa in ba ka cire shi a banki ba.

Sai WhatsApp: ka shiga saituna ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, lamba shida ce kawai. Kalmar sirri kuma a daina amfani da guda ɗaya a ko'ina, musamman sunan ɗa da shekarar haihuwa. Mai imel ya sa adireshinsa a shafin Have I Been Pwned, zai nuna masa ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa, kuma kyauta ne.

Wani abu kuma da muke yi wa kanmu: duk fom ɗin "tallafin gwamnati" da aka turo a guruf sai mu cike, har da BVN. A shagon kwafi ana barin takardar NIN, gobe ka ga an naɗe ƙosai da ita.

Duk da haka ban yarda a ɗora wa talaka laifin duka ba. Tilasta mana aka yi muka ba da bayanan nan, a banki, a kamfanin waya, a makaranta. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk wanda aka yi wa kutse mai haɗari ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72, kuma kana da ikon kai mata ƙorafi. Ku gaya min, a cikinku wa wani kamfani ya taɓa kira ya ce masa bayanansa sun fita?