Allunan RN1 da bakin matafiya

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi gabas bisa RN1, da Faransanci idonsa ke tafiya, kunnensa kuwa da Hausa. Allo ya ce Zinder, yaran mota na kiran Damagaram. A mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, an rubuta Tahoua. Birnin Ƙonni ya rasa lanƙwasar ƙ, Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji.

Abu ne mai sauƙi a yi wa wannan rubutu dariya, amma Dogondoutchi ta isa ta sa mai nazari ya dakata. A karin harshen yamma, /ts/ kafin /i/ takan koma sautin ganɗa mai tunkuɗa. Bafaranshen da ya rubuta "tch" bakin Arewa ya saurara, duk da bai kama tunkuɗar ba. Daidaitacciyar Hausa, da ke rubuta "dutsi", ita ce ke shafe wannan furuci.

Tun 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa. Ranar da za a sake fentin allunan nan, furucin wa za a rubuta, na Kano ko na mutanen garin?