Kafin Ka Sayi Jirgin Roba

Mai karatu, mu 'yan Bunkure ruwan Tiga ne ya raine mu, tun da aka gama madatsar a 1974. Kakana a kan gora yake su, ni kuwa jirgin roba na hurawa na saya, don ko babur ya ɗauke shi. Amma fa sai da na zaɓi mai tulun iska biyu: in ƙayar ƙurungu ta huda ɗaya, ɗayan ya kai ni gaci. Kai ma tambayi nauyin da yake ɗauka, ka haɗa da rigar hana nutsewa. Tuna Bagwai a 2021, da lodi ya kifar da jirgin ɗalibai. Kifi akwai gobe, rai kuwa ɗaya ne wallahi.