Tsarabar Alhaji: Zagaye A Kasuwannin Madina, Makka Da Jidda

 Malamai masu yi wa maniyyata bita sukan tsaya tsayin daka a kan harama da ɗawafi da tsayuwar Arfa, haka kuwa ya kamata. Amma akwai wani sashe na wannan tafiya da ba safai ake karantar da shi ba, alhali kuwa a nan ne guzuri yake ƙarewa, a nan ne kuma ake cin bashi, watau sayen tsaraba. Shi alhaji tun bai bar gida ba an riga an cika masa takarda da sunaye. Uwargida da amarya, surukai da maƙwabta, abokan rumfa in ɗan kasuwa ne, abokan ofis in ma'aikaci ne, kowa da abin da ya sa rai. Saboda haka na ga ya dace mu zaga kasuwannin biranen nan uku bisa jerin da mafi yawan alhazanmu suke bi, a sauka Madina, a wuce Makka, a fita ta Jidda.

Shi dai ciniki a wannan tafiya ba laifi ba ne. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ukaz da Majanna da Zul-Majaz kasuwanni ne na zamanin jahiliyya, da Musulunci ya zo sai Sahabbai suka ji tsoron ko saye da sayarwa a kwanakin Hajji zunubi ne, har aya ta 198 ta Suratul Baƙara ta sauka ta kawar musu da wannan damuwa. Abin da ya rage wa mutum shi ne lissafi, lissafin nan kuwa ya kuɓuce wa waɗanda suka fi mu dukiya nesa ba kusa ba. Mansa Musa sarkin Mali, da ya sauka Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta Hajji, ya yi ta kyauta da sayayya har darajar zinariya ta faɗi a Masar, 'yan kasuwar birnin kuwa suka riƙa ninka wa mutanensa kuɗin kaya. Da ya juyo daga Makka sai da ya ci bashi kafin ya kama hanyar gida.

Al'adar tsaraba mai yawa ta kafu ne a ƙasarmu lokacin da naira take da ƙarfi. A 1980 naira ɗaya takan canza kusan riyal 6, shi ya sa iyayenmu suke dawowa da akwatuna da rediyo da agogon bango ba su ji a jikinsu ba. Tun 1986 aka ɗaure riyal da dalar Amurka, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, naira kuwa ta yi ta zamewa, har a 2024 riyal ɗaya ya kai kimanin naira 400. A Hajjin wannan shekara guzurin da aka ba kowane alhajin Nijeriya dala 500 ne, watau riyal 1,875. Wanda ba a haɗa masa hadaya a cikin kuɗin kujera ba, kuma yana Tamattu'i, sai ya ware abin da ya haura riyal 700 tun kafin ya taɓa komai. Ban da wannan, tun watan Yuli na 2020 Saudiyya take karɓar harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kayan saye. To, ya ɗan'uwa mai karatu, kuɗi sun sauya amma takardar sunaye ba ta ragu ba. Duk lokacin da mai kanti ya ce maka riyal ashirin kacal, ka juya shi a zuciyarka zuwa naira, ka tambayi kanka nawa wannan abu yake a Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi.

Madina birni ne da ya san kasuwa tun farkon Hijira. Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansaru ya yi masa tayin rabin dukiya, shi kuwa ya roƙa a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Masu tarihin birnin irin su Samhudi sun ambata cewa Manzon Allah da kansa ya yanka wa Musulmi filin kasuwa yamma da Masallaci, wurin da daga baya aka sani da suna Manakha. Yau ƙarƙashin kowane babban masauki da ya kewaye Masallacin kantuna ne jere, masu tsaronsu mutanen Yaman da Bangaladesh da Pakistan, da yawansu sun haddace Hausar ciniki, kana wucewa za ka ji ana cewa, Alhaji zo, araha, araha. Hausar nan tana da daɗin ji a baƙon wuri, amma ba ta rage ko kwabo daga kuɗin hayar da mai kantin yake biya, wanda kuma a wuyan mai saye yake saukewa.

Abin da ya cancanci a saya a Madina shi ne dabino, domin nan ne gidansa. Kasuwarsa kowane direba ya san ta da sunan Suk at-Tumur, a can ne ake ɗanɗanawa kafin a auna, ake kuma samun ragi in an haɗa kai mutum biyar ko goma aka sari kwali. Ajwa ita ce kowa yake nema saboda hadisin da ya zo a Buhari da Muslim game da falalar cin guda bakwai da safe, wannan nema kuwa shi ya jawo mata tsada da algus. Ajwa ƙarama ce, baƙa, mai ɗan kewaye, da siraran tsage-tsage a fatarta. Safawi ma baƙi ne amma ya fi tsawo, kuɗinsa kuma ƙasa yake ƙwarai, wanda bai sani ba sai a auna masa wannan da kuɗin waccan. A ganina mai iyali da yawa ya sayi ajwa kilo ɗaya ko biyu domin tsofaffi da marasa lafiya, sauran rabo kuwa ya yi da safawi ko mabrum, ba wanda zai raina. Akwai kuma abu biyu da za a kiyaye. Dabinon Madina yana nuna ne a tsakiyar zafi, daga Yuli zuwa gaba, Hajji kuwa a 2024 da 2025 cikin Yuni aka yi shi, saboda haka abin da ke kasuwa lokacin na bara ne da aka fito da shi daga ɗakin sanyi. Ba aibu ba ne, sai dai a tsaga ɗaya biyu daga ƙasan kwali a duba ko ƙwaro ya shiga. Sa'an nan wanda ya fara sauka Madina yana da makonni a Makka kafin ya tashi, lallausan dabino irin sukkari ɗanye ba zai jure wannan zama ba, busasshe shi ne abokin tafiya.

A Makka kuwa ƙa'ida ɗaya ce ba ta saɓawa: iyakar kusancinka da Harami, iyakar tsadar abin da ka taɓa. A da can Safa da Marwa ma tsakanin kantuna ake tafiyarsu, masu sa'ayi suna ratsa masu ciniki, sai da aka fara faɗaɗa Masallaci a 1955 zamanin Sarki Sa'ud aka kwashe su. Yanzu manyan kantuna suna cikin dogon benen nan mai agogo da ya fuskanci ƙofar Sarki Abdul'aziz. Wurin yana da sanyi da tsabta, an liƙa wa kowane kaya kuɗinsa, ba a tayi. In ka gangara titin Ibrahim Khalil zuwa Misfala, inda alhazanmu da yawa suke sauka, za ka ga darduma iri ɗaya tana sauka da kaɗan kaɗan. Masu neman sari sukan hau mota zuwa Kakiyya a kudancin gari, inda ake sayar da carbi da hula da hirami dozin dozin, masu neman jallabiya da abaya kuwa su nufi Utaibiyya. A Shara Mansur za ka tarar da 'yan'uwanmu waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan suka zauna, a nan ciniki da Hausa ake yi tsantsa, har da albarka da sallamawa.

Amma fa a juya dardumar nan a karanta abin da aka rubuta a bayanta. Mafi yawa daga Turkiyya ko Sin aka kawo ta, carbi da zobba da kayan wasan yara ma haka. Masana'antun da suka aika su Makka su ne suke aika su Kano. Kwana a kanti kusa da Harami ba ya sa wa yadi wata albarka, ban kuma san wani malami abin dogaro da ya faɗi haka ba. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da gane wannan, shi ya sa kasuwar sansanin alhazai ta Kano take cika bayan an fara dawowa. Wanda ya sayi hulunan rabo a can bai yi laifi ba, muddin bai ce wa wanda ya ba daga Makka ya riƙo ta ba.

Game da yadda ake ciniki, neman ragi halal ne, Manzon Allah ma ya yi cinikin raƙumi da Jabir a hanya. Ya kuma yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in zai sayar, da in zai saya, wannan kuwa ya haɗa da mu masu saye. Nakan ji kunya in na ga alhaji ya sa yaron kanti ya sauke kaya goma, ya kushe kowanne, ya rantse cewa ya ga irinsa da rabin kuɗi alhali bai gani ba, sa'an nan ya taya, a sallama masa, ya juya ya tafi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda mai Risala ya kawo, ciniki yana ƙulluwa da magana ko da ba a rabu ba. In ka taya aka sallama, kaya ya zama naka. Saboda haka a yi tambayar kuɗi a kanti uku ko huɗu tukuna, tambaya ba tayi ba ce, sai an natsu sa'an nan a buɗe baki. Haka nan ba ya halatta ka ga ɗan'uwanka sun kusa daidaitawa da mai kaya ka sa baki ka ƙara. A yi hattara kuma da mai rakiya wanda ya nace sai kanti kaza, sau da yawa la'adarsa tana cikin kuɗin da za ka biya.

Inda aka fi asara shi ne wajen zinariya, domin hajiyoyi da masu haɗa lefe nan suke kai ƙarfin guzurinsu. Kuɗin sarƙa kashi biyu ne. Akwai kuɗin zinariyar kanta bisa nauyi, wannan kasuwar duniya take yanke shi kullum, ba ya karɓar tayi. Akwai kuma ladan ƙira, wanda suke kira masna'iyya, a nan ne kaɗai ciniki yake. Sai a tambayi kuɗin giram na ranar, a ga nauyi a sikeli da ido, a nemi a faɗi ladan ƙira daban. A duba hatimi: 875 shi ne karat 21, 750 kuwa karat 18 ne. Duwatsun ado da aka jera a jikin abin wuya ana auna maka su da kuɗin zinariya, ranar da za ka sayar kuwa sai a cire nauyinsu, don haka mai nufin ajiya ya nemi awarwaro marar kwalliya. A karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat. Ta fuskar shari'a kuma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta tabbatar cewa takardun kuɗi suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa, saboda haka dole a yi hannu da hannu, ba a ɗaukar sarƙa a ce za a ciko gobe. Mai son musanya tsohuwa da sabuwa ta sayar da tsohuwar ta karɓi kuɗinta, sa'an nan ta sayi sabuwar. Turaren itace ma haka yake buƙatar sani, domin akan rina itacen banza a jiƙa shi da mai. A sa mai kanti ya ɗora ɗan guntu a garwashi, a jira ƙamshin farko ya wuce a ji abin da ya biyo baya. Araha dai ba ta ado.

Jidda ita ce ƙofar Makka ta teku tun da Halifa Usman ya mai da tashar jiragen ruwa can a shekara ta 26 bayan Hijira. Tsohon garin, wanda ake kira Balad, yana nan da dogayen gidajensa masu tagogin katako, da kasuwar Alawi da ta Bab Makka, inda yadi da kayan ƙamshi da turare suke da sauƙi. Masu Umra su suka fi samun sukunin shigarsa. Alhaji kuwa galibi filin jirgi kawai yake gani, a nan ne kuma sikeli yake yanke hukunci a kan duk arahar da aka tara. Abin da ya haura awon da aka ƙayyade, ko a biya masa kuɗin da ya fi kuɗin sayensa, ko a bar shi a nan. Na sha ganin barguna da tukwane da manyan fulas a zube, masu su suna kallo.

Tsaraba biyu mafi daraja kuwa ba a ciniki a kansu. Ruwan Zamzam an hana sa shi cikin jaka, wanda ya ɓoye za a buɗe a fitar, lita 5 ake ba kowane alhaji a rufaffiyar jarka. Ɗayan kuma Alƙur'ani ne na maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984, wanda ake miƙa wa alhazai kyauta lokacin tashi. Mai son ƙarin kwafi domin tsofaffin gida ya lura da ruwaya, domin abin da ya cika kantunan Makka na Hafsu ne, su kuwa da Warshu suka yi karatun allo. Maɗaba'ar tana buga na Warshu, tana kuma buga tarjamar Hausa ta marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, sai dai a kantunan littattafai sai an ambaci sunan ruwayar ake ɗauko shi.